Marfin Rijiyar da Ya Ƙi Zama

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da rumfar Al'amin mai walda. Tun maigidana, Allah ya jiƙan shi, yana raye muke maƙwabtaka. Mutum ne siriri mara yawan magana, kuma ban taɓa jin ƙarar gudumarsa bayan kiran salla ba. Abin da aka san shi da shi a Madarumfa shi ne marfin rijiya. Masu lambu na bakin tafki suna da rijiyoyin siminti, in babu marfi kuwa, yau akuya ta faɗa, gobe kaza. Shi ke yanka musu ƙarfe zagayayye, ya zauna a bakin rijiya daram.

Hasken walda ya ci idonsa sannu a hankali. Na gane tun bai faɗa ba, don ya daina gaishe ni daga nesa sai na yi magana. Layin allin da yake ja a kan ƙarfe ya soma ɓace masa. Likita a Maraɗi ya ce in ya ci gaba da kallon wutar nan, sauran ganin ma zai tafi. Ko dai ya rufe rumfa, ko ya samu abin da zai yi yankan a madadinsa.

Wata Laraba sai ga shi da tsohon inji a bayan mota, daga Kano ta Ɗan Issa. Tebur ne na ƙarfe, ya fi gado girma, da bakin wuta mai tafiya tsaye da kwance a kan dogayen sanduna biyu masu murɗaɗɗun haƙora. Jikin lafiya lau, sai sanda ɗaya da ta cinye, amma kayan kuran ɗinsa, wato na lantarki, duk sun mutu.

Taubashinsa Nasiru, mai gyaran kayan kuran a Maraɗi, ya riƙa zuwa suna gardama. Ni ina ƙofar gida ina saƙar faifai, ina jin su. Ran nan na tambaya mi ake ta ja haka.

"Yaya Ɗelu, abu ukku za mu saya," in ji Al'amin. "Akwai akwatin da ke ba da umarni, kamar liman. Akwai ƙananan akwatuna masu ɗaga muryarsa, kamar ladan. Sai moter biyu masu juya sandunan, su ne mamu."

"To ni na ce ya sayi mamu ƙatta, masu ƙarfi," Nasiru ya ce. "Bawan nan nawa ya ƙi."

"Wa ke bawan wani? Ƙattan naka in sun zame shiru suke yi, su ci gaba da ɓarna. Kai kana da idon gani. Ni ina son wanda in ya yi kuskure zai tsaya ya yi kuka."

Haka aka yi. Ya zaɓi moter madaidaita masu sanar da akwati kowane juyi da suka yi, da ladanai daidai ƙarfinsu don kada su ƙone da zafin bazara. Liman kuwa ya ɗauki wanda ba ya bukatar ordinater, wato kwamfuta, mai manyan maɓallai da lambobi kamar ƙwan kaza. Sandar da ta cinye, Nasiru ya kawo sabuwa daga Maraɗi, ya haɗa komai, ya tafi.

Ranar gwaji da hantsi, Al'amin ya danna maɓalli ya juya wa wutar baya saboda idonsa. Injin ya yi ta zagayawa shi kaɗai, marfi ya faɗo. Aka kai lambun Sadiƙ mai tumatir. Kafin azahar aka dawo da shi a amalanke, ya ƙi zama. Ya yanka na biyu, shi ma ya dawo.

Bayan la'asar na iske shi zaune a kan benci, marafan biyu a gabansa, yana shafa gefensu.

"Moter ba su yi kuka ba, Yaya. Na ɗauko abin awo na duba, amma lambobin awon ma sun gagare ni. Ƙila dai lokacin rufe rumfa ya yi."

Ban san komai game da inji ba, amma faifai in ya karkace na san yadda ake kama shi. Na ciro zare na miƙa shi a tsaye daga baki zuwa baki, na danne da farce, na juya shi a kwance. Zaren ya gaza da faɗin yatsa. Na ba shi ya taɓa da hannunsa.

"Ƙwai ka yanka, Malam, ba marfi ba."

Ya shafa zaren da gefen marfin. Can ya tashi ya karya kara tsawon kamu ɗaya da rabi, ya ɗora a kan sabuwar sanda, ya bi haƙoran da farce yana ƙirgawa a hankali kamar mai jan tasbaha. Sittin. Ya koma tsohuwar. Hamsin da tara. Ya sake, haka dai.

Sai ya yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba. Ya kira Nasiru a waya.

"Kai, bawana! Tsohuwar sanda 'yar Najeriya ce, da inci aka yi ta. Taka ta milimeta ce. Kai kuwa lamba ɗaya ka faɗa wa liman ta su biyu, shi ya sa yake yanka ƙwai!"

Na ji muryar Nasiru yana rantsuwa cewa da ido ba su da bambanci.

"Shi ya sa ka kasa, da ido ka duba," in ji Al'amin.

Nasiru ya faɗo masa sabuwar lamba, ya danna ta da kansa a kan manyan maɓallan. Marfi na ukku ya tafi lambun Sadiƙ da safe, amalanken ya dawo babu komai sai kwandon tumatir, aka raba har da ni.

Rumfar tana buɗe har yau. Kusa da injin akwai ƙusa a jikin ginshiƙi, zaren nan na rataye a kanta. Duk marfin da ya faɗo, sai Al'amin ya yi bisimilla ya gwada shi tsaye da kwance kafin ya bari a ɗauka.