Sai Na Ji Muryarta

Babana shi ne mai kula da saba a wani ƙaramin gidan rediyo, wato babbar kwamfutar da ake tara duk shirye-shirye a cikinta. Ofishinsa wani ɗan ɗaki ne a ƙarshen baranda, babu taga, sai sanyi da kukan fanka. Mutum ne mai shiru, amma kai masa ruwa kusa da wayoyinsa ka ga tashin hankali! Lokacin da nake ƙarama Mama kan ce na'urar nan ta fi mu ganin fuskarsa.

Yana da wata ɗabi'a da duk ma'aikatan suka sani. Duk gyaran da ya yi, ba ya cewa an gama sai ya nemo sauti ɗaya ya saurara: kiran da Mama ta taɓa yi a shirin gaishe-gaishe, kafin rasuwarta. Ba mu da muryarta a ko'ina sai nan.

Da tsohuwar saba ta fara ƙara tana mutuwa da kanta, aka sayo sabuwa. Ranar ƙaura na kai masa abincin rana, na tarar ya ɗora kwafin ajiyar da ya saba ɗauka daga tsohuwar a kan sabuwar. Sunayen shirye-shirye suka jeru a allo tsaf. Manaja ya tafa.

"Madalla, Malam! A fitar da tsohuwar, mai sayen ƙarafa yana waje."

"Ranka ya daɗe, a ɗan dakata tukuna," in ji Baba.

Ya nemo kiran Mama, ya danna. Shiru. Ya sake dannawa, shiru dai. 

"Innalillahi," ya ce a hankali. "Ni na yi wannan."

Ashe duk shekarun nan da yake ɗaukar kwafi ba fashi, sunayen kawai yake kwafewa. Sautukan kansu suna wani wuri daban a cikin tsohuwar na'urar, ita kuma ga ta nan tana numfashi da ƙyar. Manaja bai yi faɗa ba, ya fita da kansa ya sallami mai ƙarafa.

Baba ya kunna tsohuwar, ta mutu. Ya buɗe murfinta, ya sake kunna ta, ya fara kwashe sautukan zuwa sabuwar, ya ce in riƙe fankar tebur a kanta kada ta yi zafi. Ni da na zo kawo abinci, sai ga ni ina yi wa ƙarfe fifita! Shi kuma yana lallashinta: "Haba tsohuwa, daure mana, saura kaɗan." Na so in yi dariya, hawaye suka riga ni.

Sai bayan la'asar sautukan suka gama hayewa. Ya danna. Muryar Mama ta cika ɗakin, da 'yar dariyar nan tata:

"Ina gaida mai gyaran na'urarku. Don Allah ku ce masa ya taho gida haka nan, abinci ya huce."

 Baba ya dubi kwanon da na kawo, wanda ko buɗe shi bai yi ba, ya kashe tsohuwar da hannunsa, ya ɗauki hularsa.

"Ɗauko kwanon, 'yata," ya ce. "Kin ji abin da ta ce. Mu tafi gida."