Matar da Ba Ta Tambayar "Yaya Jiki?"

Shekara ashirin da uku ina aiki a ɗakin kati na wani asibitin gwamnati da ke kusa da Karmo. Duk fayil ɗin da aka buɗe wa marar lafiya ta hannuna yake fita, ta hannuna yake dawowa, ko mai shi ya tafi gida da ƙafafunsa ko an fitar da shi a lulluɓe. Saboda haka na san rubutun kowace nas a asibitin. Na Sista Asibi Jacob ne kaɗai layin da aka tanada ba ya taɓa isarsa, kullum sai ya malala zuwa gefen takarda.

Bagwariya ce 'yar Karu. Mahaifinta manomin doya ne, kafin gonarsa ta zama rukunin gidaje. Ta fara aiki a 1998, ta yi shekara ashirin da huɗu a ɗakin matan da aka yi wa tiyata. Gajeriya ce, muryarta a dishe, Hausarta irin ta Abuja, wani lokaci ta ce wa mace "ka", ba wanda ya damu.

Abin da aka san ta da shi guda ne: ba ta tambayar marar lafiya "Yaya jiki?" Na taɓa tambayarta dalili, ranar da ta zo karɓar fayil.

Ta ce, "Malam mai kati, tunda uwarka ta haife ka, ka taɓa jin wanda aka ce masa yaya jiki ya ce babu sauƙi?"

Na ce ban taɓa ji ba.

"To, Babana da sauƙi ya ce wa nas ranar Talata. Laraba muka binne shi. Wannan gaisuwa ce. Ni ba gaisuwa gwamnati ta ɗauke ni yi ba."

Sai ta jawo kujera ta zauna daidai fuskar mai jinya. Idan akwai miji ko ɗa ko suruki, ta kore su waje, domin babu dattijuwar da za ta yi maganar cikinta a gabansu. Sannan ta fara. Kunun safe, cokali nawa kika sha? Sallar asuba, a tsaye kika yi, a zaune, ko a kwance? Iska ta fita? In mace ta rufe fuska don kunya, Asibi ta ce, "Mama, ni ma na yi tawa tun a mota, har kwandasta ya waigo." A cikin dariyar amsa take fitowa. In ta gama bayanin magani kuma, sai ta ce a maimaita mata, kamar 'yar aji ɗaya.

Wannan yana cin lokaci. A farkon 2022 aka turo mana sabuwar shugabar nas-nas, Madam Patricia. Ba muguwa ba ce. Ta tarar da gado talatin da biyu da nas uku a aikin safe, kuma daga sama ana matsa mata. Ta buƙaci in fitar mata da lokacin da kowace nas take ɗauka a kan gado, daga sa'o'in da suke rubutawa. Na fitar, daidai, kamar yadda na saba. Sauran suna yin minti huɗu zuwa biyar. Asibi tana yin sha bakwai. Ban ƙara komai ba, ban rage ba, ban kuma rubuta abin da take yi da mintunan ba, tunda takardar ba ta da gurbinsa.

Ranar Alhamis, 10 ga Maris, aka kawo Dada Khaula, Bafulatana mai sayar da nono a kasuwar Karmo. Ɗanta Zakiyyu ne ya zo ya buɗe mata kati. Hanjinta ya toshe, aka yi mata aiki ranar Juma'a, aka kwantar da ita a gado na tara. Asabar da Lahadi Asibi ce a kanta. Ga abin da ta rubuta ranar Lahadi: "Cokali biyu ta sha. Sallah a kwance. Iska ba ta fita ba. Ba za ta ce tana jin ciwo ba, irinsu ba sa faɗa. A kori ɗanta kafin a tambaye ta. A taɓa cikin."

Litinin da safe takarda ta fito: an mayar da Sista Asibi sito, inda ake ajiye zannuwan gado da safar hannu. Ni na kai mata kwafinta. Ta karanta a tsaye, ta ninke, ta ce, "Gado na tara fa?" Na ce ban sani ba. Ta tafi ofishin Madam, ina biye da ita saboda sai ta sa mini hannu.

"Madam, ki bar ni in gama satin nan. Akwai tsohuwa a gado na tara."

"Sista, akwai tsohuwa a kowane gado. Kina hira da ɗaya, goma suna jiran allura."

"Ba hira ba ce."

"Ki rubuta a fayil, za a karanta."

"Na rubuta."

"To, shi ke nan."

Wadda ta karɓi layin gadon ita ce Divine, yarinya mai ƙoƙari, wata bakwai da fara aiki, gado goma sha ɗaya a hannunta. Tana da fara'a, tana gaida kowa. Rubutunta a fayil ɗin Dada Khaula ba ya cika rabin layi. Litinin: babu ƙorafi. Talata: babu ƙorafi. Laraba da safe: babu ƙorafi, ta ce da sauƙi. Ba ƙarya ta rubuta ba. Zakiyyu ya shaida daga baya cewa kullum yana zaune a gefen gadon in an zo, kuma kullum haka mahaifiyarsa take amsawa, har da godiya.

Laraba da azahar Asibi ta kulle sito, ta ɗauki zannuwa biyu a kafaɗa kamar an aike ta, ta shiga ɗakin. Ta ce wa Zakiyyu, "Ɗan nan, je ka duba shanunka." Ya ce shanu suna ruga. Ta ce, "To je ka duba na wasu." Da ya fita ta zauna, ta riƙe hannun tsohuwar. Mai shara da ke wurin ta ce ba a yi minti uku ba Dada Khaula ta ce, "'Yata, tun shekaranjiya wuta ce a cikina." Asibi ta ɗaga zane ta taɓa, cikin ya yi tauri kamar ƙwarya. Da gudu ta je ta kira likita.

Aka sake shiga da Dada Khaula ɗakin tiyata da la'asar. Ɗinkin hanjin ya buɗe, ƙazanta ta cika cikin. Ta rasu Alhamis, 17 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safe. Zakiyyu bai yi hayaniya ba. Ya ce kwana ne ya ƙare, ya gode wa kowa, har da ni.

An kafa kwamiti, aka ce in kawo fayil. Sun ga "babu ƙorafi" sau uku, suka rubuta cewa marar lafiyar ba ta sanar da halin da take ciki ba. Rubutun Asibi na Lahadi yana gefen takarda, inda injin ɗaukar kwafi ya yanke rabinsa. Na nuna musu na asalin. Shugaban kwamitin ya ce, "Mun gani, Malam," ya juya shafi. Mutum ɗaya aka ba takardar tuhuma: Asibi, saboda barin sito a kulle lokacin aiki.

Ta yi shekara biyu tana ƙirga zannuwa, sannan ta ajiye aiki da kanta. Ba a yi mata walima ba. Divine ta kai mata atamfa, ta yi kuka.

Watan jiya na ji ba ta da lafiya, na shiga mota zuwa Karu. Na same ta a kan tabarma a ƙofar ɗaki, ta rame, ƙafafunta a kumbure, kwanon abinci rufe a gefenta. Na zauna, muka gaisa. Na ce, "Sista, yaya jiki?"

Ta dube ni. Ta ce, "Da sauƙi, Malam mai kati."

Muka yi maganar asibiti, wanda aka ƙara wa girma da wanda ya mutu. Na yi minti ashirin, na duba agogo, na yi mata addu'a na fito. Sai da mota ta kai gadar Nyanya na tuna da kwanon nan. Ban tambaye ta ko ta buɗe shi ba.