Sahun Masu Tsintar Tsakuwa

Aikin kula da tsofaffi a New York wahala ne, duk wanda ya ce muku ba wahala ba ne bai taɓa yi ba. Na yi tallar jaka a Canal Street, na ja tasi har bayana ya ƙi, amma ban ga abin da ke cinye mutum kamar wankan ƙaton tsohon da ba ya son wanka ba. Ni ba mai boko ba ne kuma ba na ƙarin gishiri. Abin da zan faɗa muku wallahi a kaina ya faru, wajen shekarar 2016, lokacin ina zaune a unguwar Soundview ɗaki ɗaya da Alhaji Mumuni mutumin Kumasi, kullum in shiga jirgin ƙasa in tafi unguwar Jamaica ta Queens wurin tsohon da nake kula da shi.

Sunansa Mista Harold, ni Baba nake ce masa. Baƙar fatar Amurka ne, tsohon makanikin jiragen yaƙi, kansa ya fara juyewa da tsufa, wata rana ya gane ni wata rana ya tambaye ni wa ya buɗe mini ƙofa. Halinsa ɗaya ne ya ishe ni. In muka fita shan iska ba ya ɗaga kai, idonsa na ƙasa, ya ga tsakuwa ya duƙa, ya ga ƙusa ko noti ko marfin kwalba ya duƙa, duk ya cusa a aljihu. Tafiyar da ba ta kai komai ba sai mu ɓata rabin safiya. In na ja hannunsa sai ya daka mini tsawa, wai in an bar ta nan wani zai mutu. Ni kuwa duk ranar wanki sai in zazzage aljihun a bola, ina mita.

Sai 'yarsa, Madam Denise, ta ce uban ya matsa da maganar wani ɗan gari a ƙasar Holan inda ya yi aikin soja yana saurayi, za ta kai shi ya gani tun da sauran numfashi, kuma da ni za a je tunda na samu fasfo. Da na gaya wa Mumuni sai ya ce, "Kai mutumina, Turai kyauta! Wace addu'a kake yi ba ka ba mu ba?" Na ce, "Alhaji, wane kyauta, jaki ma ai da shi ake zuwa kasuwa amma ba cefane ya kai shi ba." Ya yi ta dariya.

Garin Soesterberg suke ce masa, kada ku ce in maimaita. Ƙarami ne, shiru, itatuwa ko'ina, kowa a kan keke har tsofaffin mata. Akwai wani makeken gidan tarihi na gilashi, an rataye jiragen yaƙi a sama kamar kayan shanya. A bayansa ga tsohon titin tashin jirage, dogo ba ka ganin ƙarshensa, sojoji sun tashi tuntuni an bar wa masu keke da masu yawo da kare. Baba ko kallon jiragen cikin gilashin bai yi ba, titin yake so.

Muka zauna a wani benci a bakin titin, sanyi ya fara shiga, hazo yana saukowa. Madam ta ce bari ta koma mota ta ɗauko maganinsa da shayi mai zafi. Na duba azahar ta yi. Ni da Baba mun saba, a gida in na tayar da sallah yakan zauna tsit yana kallona har in idar, yana ma so. Na shimfiɗa rigar sanyina a ciyawa dab da bayan bencin, na haɗa azahar da la'asar irin na matafiyi. Ina sallamewa na juyo, benci babu kowa, sai sandarsa a jingine.

Innalillahi! Hazon nan kafin ka ce me ya rufe, in ka miƙa hannu da ƙyar kake ganin yatsunka. Na ƙwala kira, Baba, Baba, Mista Harold, ko tari ban ji ba. Wayata layin Amurka ne, kira ya ƙi fita. Na ruga dama na ruga hagu har na rasa inda bencin ma yake. Mutumin nan zuciyarsa ba lafiya, in ya faɗi cikin sanyin nan ba zai daɗe ba. Kuma ban ɓoye muku ba, na tuna da kaina. Baƙo, baƙin mutum, an gan shi yana sallah a tsohon filin soja, tsohon sojan Amurka ya ɓace a hannunsa. Wa zan yi wa bayani, da wane Turancin? Ga iyali a Kano da ba su da kowa bayan Allah sai ni.

Ina tsaye ina haki sai na ji takun takalma, da yawa, a hankali, duk tare. Hazon ya ɗan dare, sai ga su sun fito daga cikinsa. Samari ne sun yi sahu kafaɗa da kafaɗa tun daga wannan gefen titin har wancan, farare da baƙaƙe, kayan aiki iri ɗaya kore-kore, babu mai hula, kowa kansa a sunkuye. Can wani ya duƙa ya tsinci abu ya sa a aljihu, sahun ya jira shi, su ci gaba. Na ɗauka ma'aikatan wurin ne, na nufe su ina cewa ku taimake ni, tsoho ya ɓace. Babu wanda ya ɗago. A nan na lura da abin da har yau in na tuna tsigar jikina ke tashi: ni hayaƙin sanyi na fita daga bakina kamar tukunya, su kuwa ko ɗaya babu.

Na karanta Ayatul Kursiyyu. Ba su ɓace ba, ba su kuma matso ni da sharri ba. Wani dogon Bature a cikinsu, hannunsa duk baƙin mai, ya nuna mini gefensa da yatsa. Ashe akwai gurbin mutum ɗaya a sahun, an bar shi a buɗe. Ban san abin da ya kai ni ba, na ce bismillah na shiga.

Ni hankalina na kan tsohona, sai na fara sauri ina waige-waige. Dogon ya tare ƙirjina da hannu, ban ji nauyin hannu ba, sanyi kawai na ji kamar an buɗe firij. Ya nuna ƙasa. Na sunkuyar da kai na bi takunsu, a hankali, a hankali, raina kamar ya fita. Muna cikin haka sai na ga ɗan abin nan da Baba ke sawa a kunne don ya ji magana, ƙarami kamar wake, a kan kwalta. Na rantse da a ce gudu nake, da na taka shi na wuce. Na duƙa na ɗauka, sahun gaba ɗaya ya tsaya yana jirana. Daga nan ƙasa-ƙasa na hango sawun takalminsa a jiƙaƙƙen yashi, ya sauka daga titin ya shiga jeji.

Na bi sawun. Na same shi cikin wani rami a gindin tsohon ginin kankare, ruwa har ƙugunsa, leɓensa ya yi fari, ya daina ma rawar sanyi. Na cicciɓo shi na goya, ni da bayan da likita ya ce kada in ɗauki nauyi. Da na hau titin na waiga in yi godiya, babu kowa. Sai wata mata da karenta, ita ta kira mana motar asibiti. Na tambaye ta ina samarin nan suka bi. Ta ce waɗanne? Ta ce ni kaɗai na gifta ta gabanta ina tafiya kamar mai neman makulli.

A asibiti suka ɗumama shi suka sallame mu da yamma, likitan ya ce da an ƙara jimawa da sai dai wani labarin. Madam ta sha kuka, amma ko kalma ɗaya marar daɗi ba ta gaya mini ba, Allah ya saka mata. Da ta fita sayo abinci, Baba ya dube ni da ido garau, irin wanda ban taɓa gani a fuskarsa ba. Ya ce kowace safiya kafin jirgi ya tashi sai duk makanikai sun yi sahu sun tsince titin nan, don noti ɗaya in injin ya zuƙe shi, yaron da ke tuƙi ba zai koma gida ba. Sai ya ce, "Gurbina ka shiga ko? Dogon nan ba ya son gaggawa."

Ni ban gaya wa kowa komai ba, wallahi ko Madam. Ya ce, "Sun tambaye ni?" Na ce, "Baba, ba su yi magana ba." Ya gyaɗa kai, ya ce, "Ai ba a magana a sahu." Ya juya ya yi barci.

Ko aljanu ne, ko mene ne, ban sani ba. Mumuni ya ce in yi sadaka in ja bakina, na yi sadakar. Abin da na sani Allah ya turo mini taimako a inda ba ni da kowa, ya rufa mini asiri, tsohon ya koma Queens da ƙafarsa. Shawarata gare ku masu wannan aikin, in kun ga tsoho ya nace wa wani abu da kuke gani shirme ne, ku daina fizge masa hannu. Ba ku san aikin da yake kai ba, ba ku kuma san su wa ke jiransa ba.

Washegari da safe na ɗauko jiƙaƙƙen wandonsa zan wanke, aljihun cike da tsakuwa da wani noti mai tsatsa. Na goge su ɗaya bayan ɗaya na zuba masa a aljihun wandon da zai sa. Da muka fito ƙofar otal na hango wata 'yar ƙusa a ƙasa, na tsayar da shi, na duƙa da kaina na ɗauka na miƙa masa. Ya juya ta, ya sa a aljihu, muka ci gaba a hankali.