A Gaya wa Mai Cikin Nan

A shekarar da aka kawo ni goyon ciki, bayan samun mulkin kai da kaɗan, ni da Inna ba mu magana sai ta bakin akuya. Ni ce 'yar fari, ita kuma da jinin Fulani, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ko "ke" ba ta ce mini. In tana son in ci abinci sai ta dubi jar akuyarmu a turke ta ce, "A gaya wa mai cikin nan tuwo na hucewa." Ni kuma in ce wa akuyar na ji. Akuyar nan ta sha saƙo, ba ta taɓa isar da ko ɗaya ba.

Daga Dutsin-Ma inda nake aure aka maido ni gida Kurfi, cikina ya tsufa. Na tarar Inna ta sauya. Tana zaune lafiya lau sai ta fizge kallabi, zufa ta karyo mata, ta ɗauki faifai tana fifita, alhali damina ce, gari a lumshe. Ta yi faɗa da kaji, ta yi faɗa da murhu, ta yi faɗa da Baba don ya yi tari. Bawan Allah sai ya kwashe tarinsa ya koma zaure.

Ana haka Goggo ta zo daga Birchi duba ni. Yayar Baba ce, unguwarzoma, ga baki, kuma har lokacin Amarya take ce wa Inna. Inna ta ja ta ɗaki. Ɗakin ba ƙyaure sai asabari, ni kuwa kunnena lafiyarsa ƙalau.

"Yaya, na shiga uku," in ji Inna. "Tun kahin azumi ban yi fashin salla ba. Ciki ne, kuma ya kwanta, don ba shi motsi. Ni da ɗiyar fari mu yi jego tare? Matan Kurfi ai sai su sa ni waƙar niƙa."

A zamanin an yarda ciki kan kwanta a jikin mace ya yi ta barci har shekaru. Goggo ta kwantar da ita, ta danna nan, ta danna can, sai na ji ta fashe da dariya.

"Amarya, wannan tuwon dawa ne na jiya. Ba kowa a ciki. Girma ne ya yi maki sallama. Al'ada ta tahi ke nan, ba ta dawowa, zahin da kike ji ban kwananta ne."

Inna ta ce alhamdu lillahi da wata 'yar siririyar murya. Ni da ƙuruciya na ɗauka murna ce ta shaƙe ta.

Washegari da hantsi Goggo ta kora mu daji mu biyu, ta ce ni ma tafiya za ta sauƙaƙa mini haihuwa. Ba akuya a wurin, sai Goggo ta maye gurbinta, sai dai ita tana ƙara wa saƙo gishiri. Ta tsaya kan wani ƙaramin itace mai ganye toka-toka. Inna ta ce ai wa bai san sabara ba? Goggo ta ce, "Kin san ta a tukunyar jego, yau za ki san ta a ƙoƙon sha." Ta juya ganyen ta nuna mana ɗigo-ɗigon baƙi a bayansa, ta ce duk ganyen da ba shi da su a bar shi inda Allah ya ajiye shi. Na yi zumuɗi na tsinko wani na kawo. Ta sansana, ta yar, ta ce wannan ko akuyarku ba ta ci.

Can cikin duwatsu muka sami hano, ɓawonsa na saɓulewa, yana ƙamshin turare. Goggo ta yi masa sallama kamar ta shiga gidan surukai, sannan ta sassaƙo kaɗan ta gabas, kaɗan ta yamma. Ta ce ba a zagaye itace da gatari, in ka tuɓe shi duka ya mutu, gobe wa zai ba ka? Muka ƙara da ɗoɗɗoya don kunu, da runhu mai rawayan fure don wankana.

A hanyar dawowa ta raba sabarar kashi biyu, babba nawa, ƙarami na Inna, a dafa da tsamiya a sha in ya huce. "Kun gani," in ji ta, "ganye ɗaya ne. Wannan tana shiga, wannan tana hita." Na yi dariya har cikina na rawa. Inna ba ta yi ba, ta tsaya wai ƙaya ta soke ta, ta daɗe tana cirewa.

Ko sabarar ce ta yi aiki, ko hanon, ko zaman Goggo, ban sani ba. Zufar dai ta ragu, kaji suka sarara, Baba ya dawo da tarinsa cikin gida. Na haifi namiji. Kullum tukunya biyu ke kan wuta, babba ta wankana, ƙarama ta shanta. Inna ce ke tsoma ganye a tafasasshen ruwa tana fyaɗa mini, ina ihu, tana gaya wa akuya a daina raki.

Ranar da za a mayar da ni Dutsin-Ma bayan arba'in, Inna ta buɗe adudun kayanta, ta tono can ƙasa, ta fito da majanyi sabo fil, saƙi mai kyau, irin na ɗaure goyo. Na waiga wajen turke ina jiran saƙo. Akuyar na nan tana tuƙa, amma Inna ba ta dube ta ba. Ni ta duba.

"Ke," ta ce. "Ungo. Ba don ke na saya ba."

Sai a lokacin na gane. Duk kunyar nan da take faɗa gaskiya ce, amma tana son cikin, har ta yi masa tanadi a ɓoye. Tausayinta ya kama ni, ga shi ban saba magana da ita ba. Na juya mata baya na goya yaron. Ita ta ɗaure mini majanyin, ta ja shi tamau, sannan ta tafi duba ƙaramar tukunyarta.