Littafin Ɗan Caina da Furar Kaka

Ban sani ba ko ka taɓa shaƙar warin takarda idan ta jiƙe. Wani abu ne tsakanin tsohuwar tabarma da ƙullin da ya kwana. Kwanakin baya rufin ɗakina ya yi yoyo a kan jaridun da na tara, ina ɗaga ta sama warin ya buge ni, sai na ji maƙogwarona ya motsa da kansa kamar mai haɗiya. Matata ta ce lafiya? Na ce lafiya lau, wani tsohon abinci na tuna. Ta ɗauka wasa nake, don ta san halina. To wannan karon babu ƙari a zancena, in ma akwai bai fi cikin cokali ba.

A shekarun farko da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, ina aji uku na ƙaramar sakandare a Aliero, kullum ina zuwa daga ƙauyenmu a kan wani keke da ake jin kukansa tun daga Danwarai. Lissafi ina taɓawa, Hausa kuwa ni ne sarki. Amma ni da Turanci sai kallon nesa, kamar akuya da kura. Abin da ya fi kashe ni shi ne inda za a ba ka labari ka karanta, a jero maka tambayoyi a ƙasa, kowace da amsa huɗu ka zaɓi ɗaya. Ni duk huɗun kama suke yi mini, kamar 'ya'yan zabo. Malaminmu na Turanci, wani Kirista mutumin kudu mai haƙuri, ya taɓa duba takardata, ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya ce ko makaho aka bai wa sanda ya yi ta caka, zai dace da abin da ya fi wannan.

Babana ba mai dogon zance ba ne. Ya ce jarrabawar fita aji uku tana nan farkon damina. In na ci, in wuce babbar sakandare. In na faɗi, ga fadama ga albasa, boko ya ƙare. Na san fadama sarai. Na san ruwan asuba mai yanka ƙafa, da duƙawar da ke sa saurayi tafiyar tsofaffi, da warin albasa da ke bin mutum har sahun masallaci. Ban raina ta ba, ita ta ciyar da mu. Amma ina tuna ta sai bayana ya fara ciwo tun kafin a kai ni.

Kakana, wanda duk gida ke kira Tsoho, shi ya sa ni boko tun farko, kuma ya fi son ya rasa haƙori da a ce ya yi kuskure. Don haka faɗuwata tasa ce.

Bazarar shekarar, an gama cire albasa ana jera ta a rumfunan kara, zafi yana dafa mutum a tsaye, sai ga motoci da injin haƙa rijiyar burtsatse sun sauka a bakin hanyar Jega. A cikinsu akwai wani gajeren mutum fari mai malafa, yana zuwa sayen albasa wurin Tsoho, yana gatsa ta ɗanya kamar goro. Mu a lokacin mutanen duniya kashi biyu ne, mu da Turawa. Duk mai farar fata Bature ne, shi kuma Bature da Turanci ake haihuwarsa, kamar yadda ake haihuwar ɗan agwagwa da iyo.

Wata la'asar Tsoho ya sa babbar riga, ya ɗora mini kwandon albasa a ka. Ya ce, "Aboki, tashi. Allah ya kawo muna gulbi har ƙohwar gida, kai kana roƙon ruwa ga ɗan kudu."

Muka sami Baturen nan a inuwar dogon yaro, da littafi a cinya, ya ɗora yatsa a kan layi, leɓɓansa suna motsi. Tsoho ya yi gaisuwa, ya tura ni gaba. Na tattaro duk Turancin da na mallaka, har da na aro, na ce kakana yana roƙo ya koya mini. Mutumin ya dube ni. Ya ɗaga hannu alamar in jira. Ya buɗe littafin, ya rufe, ya dubi sama. Bayan lokacin da zai isa a dafa ƙwai, sai ya fito da kalma uku, kowace tana ɗingishi.

Na juya na ce, "Tsoho, bai iya ba."

"Wa?"

"Baturen."

"Bai iya mi ba?"

"Turanci."

Tsoho ya kama gemu da hannu biyu. "Innalillahi! Bature na kuwa? Ko dai ciwo yay yi, abin yaz zube?"

Direbansu, wani mutumin Jega, ya yi dariya har ya riƙe mota. Ya ce ai wannan ɗan Caina ne, ƙasarsu ta fi Makka nisa, suna da yarensu, kuma su ma a makaranta Turancin nan wahalar da su yake yi. Tsoho ya zauna a ƙasa da babbar rigarsa, abin da ban taɓa gani ba. Ya daɗe yana girgiza kai, sannan ya ce, "To su Turawan ainihi wa sunka bari?"

Ni kuwa littafin ne ya ƙarasa ni. Na 'yarsa ne, ta gama da shi a sakandare ta ba uban da zai taho. Ina buɗewa na ga gajerun labarai da Turanci, a ƙasan kowanne tambayoyi, kowace da amsa huɗu. Maƙiyina sak, ya ƙetaro teku ya same ni a gindin dogon yaro. Ashe a can ƙarshen duniya akwai yara masu zama su dafe kai a kan abin da nake dafe kai! A bayan littafin kuma akwai shafuka cike da rubutunsu zalla, ƙananan murabba'ai kamar ɗakunan da tururuwa ta gina. Nan amsoshin suke, da bayaninsu.

Tsoho dai bai yarda ya koma da kwandonsa ba. Ya ce makafi biyu sun fi makaho ɗaya, ko ba komai za su yi hira. Haka muka fara. Kowace la'asar mu karanta labari tare, wani a kan jirgin ƙasa, wani a kan ƙanƙarar da ke zubowa kamar auduga, wani a kan wata dabba mai cin gora. Kowa ya zana amsarsa a ƙasa da tsinke, sannan ɗan Caina ya juya bayan littafin ya faɗi mai gaskiya. Wanda ya kuskure shi ke ɓare albasa. Sau da yawa mu biyun muke ɓarewa, muna hawaye kamar masu zaman makoki. Gaskiyar magana, ni caka nake yi, in zauna jiran bayan littafi ya yanke hukunci.

Ɗan Caina ya yarda ina tafiya da littafin gida. Saboda tsoron awaki, sai na riƙa ɓoye shi a ɗakin kakata idan zan tafi makaranta. Ashe awakin sun fi amana.

Kaka mai fura ce, kuma ni ne maigidanta, haka take kirana. A kwanakin nan ta tsiro da wata sabuwar kulawa. Ina dawowa daga makaranta za ta miƙo mini fura a wata 'yar ƙwarya ta daban, ta hana kowa taɓawa, ta tsaya a kaina sai na yi bisimilla na shanye. Furar tana da nauyi, kamar ana haɗiye katifa, kuma wasu 'yan zare-zare suna maƙale mini a haƙori. Da na yi magana ta ce, "Gero na mai ƙarhi. Sha, raggon miji."

Saura mako biyu jarrabawa, muka gama wani labari, muka zana amsoshinmu, ɗan Caina ya juya bayan littafi. Babu baya. Sai zaren ɗinki da bango. Ya girgiza littafin, ya ɗaga tabarma, ya leƙa cikin malafarsa, sannan ya dube ni. Ban san lokacin da na kai gida ba. Na tarar da Kaka a bakin turmi, ga wani kwano a gefe, takardu sun jiƙe a ciki, ruwan ya yi toka-toka.

"Kaka! Mi kike daka?"

"Rage murya, kar maƙiya su ji. Ilminka nika daka."

Ta yi mini bayani a natse, kamar mai ba da labarin alherin da ta yi. Ta ce rubutun boko ta san shi, tsutsotsi ne kawai. Amma tana ganin na bayan nan, ɗaki cikin ɗaki, ta san hatimi ne. Ta kai wa malamin unguwa ya duba, ya ce shi karatunsa bai kai nan ba. "To abin da yaf fi ƙarhin malam, ai ya fi ƙarhin Turanci." Ta so ta wanke kamar yadda ake wanke allo a ba yaro ya sha, amma tawadar mutanen taurin kai gare ta, ta ƙi fita. Shi ya sa ta jiƙa, ta daka har da takardar, ta dama mini.

Na ce, "Shafi nawa na sha?"

"Ni ina nis san shahi? Kullum dai biyu. Ran Juma'a ukku."

Na dafe cikina na zame a jikin bango. Na rantse maka a lokacin na ji ƙananan murabba'an nan suna jeruwa a hanjina.

Tsoho ya raka ni wurin ɗan Caina, riƙe da 'yar ƙwaryar a matsayin shaida. Direba ya tafi Jega, babu mai fassara. Dole na faɗi abin da ya faru da Turancina, hannuwa suna daka, baki yana sha. Da ɗan Caina ya gane, ya buɗe baki har ƙuda zai iya shiga ya juya ya fito. Ya nuna littafin, ya nuna cikina. Sai ya sunkuyo ya kara kunnensa a tumbina, ya tambaya da ƙarfi, tambaya ta bakwai, wace ce amsa? Ya fashe da dariya har malafarsa ta faɗi. Amma da dariyar ta lafa, sai na ga yana shafa wurin da aka yage. A gefen shafukan nan akwai rubutun 'yarsa da fensir, na sha ganinsa yana tsayawa a kai. Tsoho bai san wannan ba, amma ya san fuskar uba. Ya cire hula ya riƙe a hannu, ya ce, "Aboki, ba shi haƙuri. Kar ka yi da Turanci, ka lalata."

Washegari na zo ina jan ƙafa, na sami ɗan Caina ya shimfiɗa tabarma. Muka karanta, na zana amsa, ya zana wata daban. Babu alƙali. Ya ce tasa ce, na ce tawa ce. Ya dangwala yatsa a kan wani layi. Haushi ya kama ni, na koma cikin labarin neman nawa layin, kuma ga mamakina na same shi, yana zaune kamar ƙadangare a bango. Tunda aka haife ni, ranar na fara komawa cikin labari neman shaida. Mako biyu muka yi muna musu kamar dillalan albasa ranar kasuwa, kowa yana jan ɗan'uwansa zuwa layi. Wani lokaci ya kayar da ni, wani lokaci in kayar da shi ya ɓare albasa shi kaɗai.

Ruwan farko ya sauka, muka yi jarrabawa. Kafin sakamako ya fito, sun gama rijiyarmu sun ɗaga zuwa wajen Maiyama, ɗan Caina ya tafi da littafinsa mai rabin jiki. Na ci Turanci, da ƙyar, kamar an tura raƙumi ta ƙofar zaure, amma na ci. Babana kuwa, sai na wayi gari na ga ya sa wa kekena sabuwar taya. Mun aika wa ɗan Caina saƙo ta bakin direban, ban sani ba ko ya isa.

Kaka kuwa ta rangaɗa guɗar da ta tayar da tantabarun unguwa. Kafin azahar mata sun cika tsakar gida, kowace tana tambayar ko akwai ragowa. Na yi ƙoƙarin fahimtar da ita cewa musu ne ya cece ni. Ta ce, "Kahin hura kana ci?" Na ce a'a. "Bayan hura ka ci?" Na ce na ci. "To ruhe min baki." Har ta koma ga Allah ban ci wannan shari'ar ba.

Yanzu Aliero har jami'a gare ta, yara kuma suna yawo da wayar da za a haska wa kowane irin rubutu ta fassara nan take. Ba wanda zai ƙara kallon baƙon rubutu ya ji tsoronsa, kuma ban ga kakar da za ta ɓata safiyarta tana daka wa jika takarda ba. Bayan rasuwar Kaka, gwaggona ta samu shafi ɗaya a ƙasan kwallarta, an naɗe shi a ƙyalle. Ta ce tsohuwar ta ajiye shi ne don ɗana na fari, idan lokacin jarrabawarsa ya zo. Na adana shi shekara da shekaru, ban nuna wa kowa ba. Bara na kasa daurewa, na ba 'yata ta haska masa waya. Ta karanta, ta dube ni, ta ce, "Baba, sanarwar masu buga littafin ce. Wai duk wanda ya ga wasu shafuka sun ɓace a ciki, ya mayar musu su canza masa."

Na yi dariya har sai da na nemi bakin rigata na goge ido. Sannan na shafa tumbina, na ce ta tambayi wayar ko har yanzu suna karɓa, don shafukan suna nan wurina, ban yar da ko ɗaya ba.