Idon Rabi, da abin da mahaifinta ya sani

Shekara arba'in da ɗoriya ban buɗe baki kan wannan magana ba. Yau Rabi ta ba ni izini, tunda idonta ne.

Na haife ta a 1983, shekarar yunwa, muna zaune a unguwar Sakasaka. Aikina lokacin fassara sanarwar lafiya zuwa Hausa, don haka na san ana ɗiga wa jariri magani a ido da zarar ya faɗo. Na tambayi ungozomar ɗakin haihuwa. Ta ɗaga mini kwalbar, babu ko ɗigo.

"Ya ƙare tun watan jiya."

Na gaji, ban matsa a nemo ba. Wannan laifina ne, kuma na ɗauke shi.

A kwana na uku idanun suka kumbura suka manne. Na ɗaga fatar a hankali, mugunya mai kauri ta fito.

Surukata, Mma Azumi, ta ce a tatsa nono a ciki. Aka tatsa. Ta sa kwalli. Na ce asibiti.

"Jaririyar da ko suna ba ta da shi? Ba a fita da ita sai bayan suna. Ke da karatun naki!"

Ta ce kambun baka ne, na wata mai tallan nono da ta leƙo ta yaba idon yarinyar. Aka hana matar shiga gidan.

Mijina, mai fataucin shanu zuwa Kumasi, yana zaune yana ji. Abin da ya ce kawai: "Ki bi maganar Mma."

A kwana na biyar na naɗe ta a zani na fita da rana tsaka. Babu mai a gari, babu mota. Da ƙafa na je.

Nas ɗin da ta karɓe mu 'yar kudu ce, Hausarta ta kasuwa.

"Kai, Maame! Kwana nawa ka zauna da yaro haka?"

"Biyu."

"Biyu! Ka na so shi makance?"

Aka ɗebi mugunyar don gwaji, aka ware mu a ɗaki. Kowace awa a wanke idon da ruwan gishiri, a ɗiga magani. Allurar da likita ya rubuta babu a asibiti. Zannuwan da na tanada don suna na sayar, na sayo ta a kemis.

Sakamako ya fito. Likita ya ce, "Ciwon sanyi ne. A hanyar fitowa ta ɗauka daga jikinki. Ki kawo maigidanki."

Na kawo shi. Ya dubi ƙasa.

"An riga an yi mini allura, likita. Wata biyu ke nan."

Ya sani. Ya yi wa kansa magani a ɓoye, ya bar ni da ciwon ga tsohon ciki. Ya ga idon 'yarsa yana ruɓewa, ya ga an kori mace marar laifi, bai faɗi gaskiya ba, don kada uwarsa ta ji. Cutar na yafe masa kafin ya rasu. Kwana biyun nan har yanzu ina ƙoƙari.

An yanka ragon suna muna asibiti. Bayan mako guda idon dama ya buɗe tas. Na hagu ya buɗe da farin tabo, bai taɓa gani ba.

Na gode wa Allah. Na gode wa nas ɗin da ta yi mini tsawa, ta kuma wanke idon nan da hannunta ba ƙyama.

Mata, kafin ku bar ɗakin haihuwa ku tambaya ko an sa maganin ido. In babu, a nemo a ranar. Idon jariri ya kumbura ko ya yi mugunya, ba nono, ba kwalli, ba jiran suna. Ku je awo, ku yarda a gwada ku.

Maza kuma, in an yi muku allurar da kuke ɓoyewa, ku kai matanku a yi musu. Kunyar ta minti biyar ce a gaban likita. Rabi har yau sai ta juya kanta gaba ɗaya kafin ta tsallake titi.