Ƙwaryar Ruwan Malam Hamisu a Gaban Alƙali

Shekara goma sha biyu ke nan cif da rasuwar Malam Hamisu, abokina tun muna elementare, wanda ya ƙare rayuwarsa yana koyar da fiziks a wata sakandare ta ƙasar Sandamu. Masu digiri sun sha faɗa masa cewa wannan fanni ba ya koyuwa da Hausa. Wasu malaman zaure kuma sun ce ilimi ne na jarrabawa kawai, ba zai taɓa raba gardama tsakanin Musulmi biyu ba. Bai yi jayayya da kowa ba. Ni kuwa, da na yi shekara talatin ina magatakardan kotu kafin in ajiye aiki, na ga ranar da ya ba su amsa.

Karatunsa bai da tsawo. Abin da ke tsaye ba ya motsawa sai an ja shi ko an tura shi. Abin da ke tafiya ba ya tsayawa sai wani abu ya tare shi. Idan amalanke ta tsaya a cikin rairayi, ba gajiya ta yi ba, rairayin ne ya riƙe ƙafafunta. Yakan kai ɗalibansa lambu su ja ruwa da jigo, su ji a damatsansu yadda dogon itace ke rage wa mutum wahala.

A farkon zamanin Shari'a aka kawo mana wata ƙara. Wasu dillalan tumaki biyu, Malam Tukur da Ɗan'azumi, sun taso daga Zango zuwa kasuwar Daura, suna tsaye a bayan a-kori-kura. Jaki ya gitta, direba ya taka burki, Malam Tukur ya yi gaba ya daki ƙarfe, hannunsa ya karye. Ɗan'azumi ne a bayansa, kuma akwai tsohuwar rigimar iyakar gona a tsakaninsu. Malam Tukur ya dage cewa tura shi aka yi, ya ce a kawo Alƙur'ani ya rantse. Ba maƙaryaci ba ne, ya gaskata abin da yake faɗa. Hujjarsa ta zauna a zukatan jama'a: mota ta tsaya, to me zai jefa mutum gaba in ba hannun mutum ba? Ga hukunci na jiran Ɗan'azumi, ga kuma tabon da zai bi 'ya'yansa.

Na roƙi Alƙali ya saurari abokina, ya yarda. Malam Hamisu ya shigo ba littafi, ba allo. Ya sa aka cika ƙwarya da ruwa, ya miƙo mini.

"Magatakarda, ka yi sauri ka nufi ƙofa. In na ce tsaya, ka tsaya cak."

Na ce masa, "Hamisu, da furfurata?"

Ya ce, "Furfurar ba ta da nauyi, za ta bi ka."

Na tattare babbar rigata na yi sauri. Ya daka tsawa, na tsaya. Ruwan ya yi gaba ya zube a bakin ƙofa, ko ɗigo bai taɓa ƙirjina ba. Malam Hamisu ya juya wajen Alƙali ya rusuna.

"Allah ya gafarta Malam, wa ya tura ruwan nan?"

Shi da kansa ya ba da amsa. Ya ce ƙwarya ce ta tsaya, ruwa kuwa ba abin da ya tare shi, sai ya ci gaba da tafiyar da yake yi. Haka burki ya kama mota bai kama Malam Tukur ba. Alƙali ya sa aka sake cika ƙwaryar, ya ba ƙanin mai ƙara ya gwada da hannunsa, har sau biyu. Malam Tukur ya daɗe yana kallon jiƙaƙƙiyar ƙasar, sannan ya ce a mayar da Alƙur'ani cikin gafakarsa. Hannunsa na hagu ya miƙa wa Ɗan'azumi, domin na daman yana ɗaure da karan ɗori.

Yau nakan zauna a ƙofar gida in ga samari uku uku a kan babur, ba hular kwano, suna gudu kamar burki zai tsayar da jikinsu tare da ƙarfen. Na san da Hamisu yana raye ba zai zage su ba. Zai tare ɗaya ya tambaye shi ko akwai ƙwarya a gidansu. Ɗalibansa sun zama injiniyoyi da makanikai, wasu manoma ne, kuma har yanzu da Hausa suke bayyana wa 'ya'yansu dalilin da ya sa kaya ke zamewa a bayan mota.

Laifi ɗaya nake ɗauke da shi. A littafin kotu na rubuta "an sasanta" kawai, domin a tarbiyyar aikinmu ba a sa sunan wanda ba shaida ba. Hamisu ya tsare mutum ɗaya daga hukuncin da bai cancanta ba, ya tsare ɗaya daga rantsuwar da za ta bi shi kabari, amma alƙalamina bai ambace shi ba. Allah ya jiƙan Hamisu, ya sa ilimin nan ya zama sadaka mai gudana a gare shi. Ina roƙon a rubuta sunansa a gurbin da na bari a buɗe, a shafin ranar da aka yi zaman: Litinin ta biyu bayan Babbar Sallah, a shekara ta biyu da ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, kafin azahar.